Baba Muttaka Bai Sa Hannu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, wadda ta zo daidai da 14 ga Rajab, 1446, Allah Ya karɓi ran Malam Muttaka Gado, wanda mu Hausawan Doha muke kira Baba Muttaka. Ya idar da sallar azahar a ɗan masallacin da ke bayan garejinmu, ya zauna a bakin ƙofa zai sa takalmi, sai ya kife. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa hamsin da tara, goma sha huɗu daga ciki a ƙasar nan ya yi su. An yi masa salla washegari bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer. Ya bar matarsa Hajiya Zuleiha da 'ya'ya biyar a Kaduna.

Kwana goma sha biyu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ka san aikina, Baba, ni ce mai rubuta yabo a wurinmu. A kawo mota, in zauna in nemo mata kalmomi da Larabci da Turanci, har mai kuɗi ya ji idan bai saye ta ba ya zo duniya a banza. Na yabi fata, na yabi zare, na yabi ƙarfe. Yau da aka zo yabon mutum, duk kalma mai kyau da na ɗauko sai in tuna na taɓa ɓata ta a kan kujerar mota. Saboda haka abin da na gani kawai zan faɗa.

Kamfanin da muke yi wa aiki dillali ne na wani tsohon gidan ƙera motocin tsere a Turai, irin motocin nan masu kujera biyu da ke kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare, waɗanda ko buhun shinkafa ba su da wurin sawa. Ba zan kama suna ba, har yau albashinsu nake ci. Shagon yana kan titin Salwa, gilashi daga sama har ƙasa, gareji kuma a baya inda masu saye ba sa leƙawa. A garejin kake. Duk motar da ta sauka daga jirgi, kafin ta shiga hannun mai ita sai ta bi ta hannunka. Ka duba ta, ka fita da ita, ka dawo, ka sa hannu a fom. Sai ka sa hannu sannan a lulluɓe ta da mayafin siliki a kira mai ɗaukar hoto.

Na sha tsayawa ina kallonka ta taga. Ka cire takalmi a gefen ƙofar mota, ka shiga da farar safa, ka yi bisimilla, ka kashe rediyo, ka ɗan sauke gilashi don kunnenka ya samu hanya. Idan ka dawo, ka zagaya tayoyin huɗu kana taɓa kowace da bayan hannu, kamar uwa tana duba zazzaɓi. Injiniyoyinmu suna da kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi duk abin da ke damunta, kuma ba ka taɓa raina ta ba. Cewa kake yi kwamfuta tana faɗin abin da aka tambaye ta ne kawai. Mutumin da ya fi kowa a garin nan tuƙa waɗannan motoci, da yamma sai ya sa takalminsa ya tsaya jiran bas ɗin unguwar Najma, inda yake kwana a ɗaki ɗaya da mutum uku.

Boko ka iya shi daidai gwargwado, Turancinka kuma na gareji ne, yana kai ka inda za ka amma ba ka yarda da shi a rubuce ba. Don haka muka yi tsarinmu ni da kai tun shekarar da na fara aiki. A fom ɗin akwai gurbin da ake rubuta abin lura. Sai ka zaro fensir daga bayan kunne ka rubuta da ajami, in mota lafiya take ka sa hannu a ƙasa, ka hawo ofishina, ka tsaya a bakin ƙofa ka karanta mini, ni kuma in buga da Turanci a sabon fom, shi ma ka sa masa hannu. Wanda na buga shi ke zuwa teburin manaja. Mai fensir ɗin yana komawa gareji. Shekara shida muna haka, ban taɓa karanta layi ɗaya da kaina ba.

Na taɓa tsokanarka na ce, "Baba, wannan rahoto ne ko laya?"

Ka ce, "Digiri biyu, Malama, amma rubutun kakarki ya gagare ki. Zo in koya miki, sati biyu ya isa."

Na ce sai an samu lokaci.

Alherinka ba a ofis ya fi yawa ba. Duk Bahaushen da ya taɓa mallakar tsohuwar mota a Doha ya san inda kake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bayan wani gidan abinci a Najma, da kofin shayin karak a hannu da 'yar jakar sifana a gefe. Direba ya zo, mai gadi ya zo, malamin jami'a ya zo, duk layi ɗaya suke bi, kuma ba ka karɓar ko riyal. Wanda ya matsa sai ka ce ya saya wa na bayansa shayi. Likita Bashiru ya ba ni labarin wata safiya ta lokacin sanyi da ya kira ka daga unguwar Al Aziziya, ya ce motarsa tana wani kuka da bai taɓa ji ba, ga shi yana da tiyata. Ka ce ya kanga wayar kusa da inji. Ka saurara kaɗan, ka ce, "Likita, kashe maza. Injinka lafiya lau, mage ce ta shiga neman ɗumi." Aka buɗe, ta fito da gudu, wutsiyarta ce kawai ta ɗan ƙone. Likita ya ce tun ranar ya daina yi wa kowa alfahari da abin sauraren ƙirjinsa.

Ni ma da na tashi sayen 'yar motata, kai ka raka ni. Mota biyar ka hana ni. Ta shidan ita ce mafi muni a ido, ka ce ita. Na ce Baba kalarta fa. Ka ce kala ba ta taɓa kai kowa Al-Sadd ba, wato unguwar da nake zaune. Shekara biyar ke nan ba ta tsaya mini a hanya ba, kuma har yau ban yafe mata kalar ba.

Gidan da ke ƙera motocinmu ya daɗe yana ciwo. Wannan ba sirri ba ne, duk mai karanta jaridar kasuwanci ya sani. Motar lantarkin da suka yi alkawari ta ƙi fitowa, shekara ta bi shekara. Masu zuba jari su zo, a yi hoto da su ana murmushi, a sauya shugaba, bayan wata goma su tattara su tafi. Duk lokacin da numfashi ya yi wuya, dabara ɗaya gare su. Su ɗauko motar da suka riga suka iya ƙerawa, su sauya mata fenti da ɗinkin kujera, su ƙara wa injin ɗan ƙarfi, su manna mata ɗan allon ƙarfe mai lamba, su ce fitowa ce ta musamman, guda kaza kawai za a yi a duk duniya. Ni kuma a turo mini hotuna in nemo kalmomi.

Shekara huɗu da suka wuce suka fitar da wadda suka kira ta bankwana. Wai daga ita an gama da injin fetur. Na rubuta shafi takwas masu sa hawaye. Da ta sauka a gareji ka zagaya ta, ka ce, "To, ga Auta." Sunan ya bi ta, har Indiyawan gareji suka ɗauka. Bayan shekara ɗaya sai ga wata ta bankwana, ita kuma marar rufi. Ka dube ta, ka dube ni, ka ce Auta ta samu ƙanwa. Ka ba mu labarin yayarka da aka kira Auta shekara huɗu tana cin gashin kanta a gida, sai ga ka, kuma har ta tsufa idan ka gaishe ta sai ta ce kai ka ƙwace mata sarauta. Ta uku aka yi ta don ƙasashen nan na Larabawa kawai, da wani fenti da ni da kaina na raɗa wa suna wayewar garin sahara. Kai kuwa ka ce kalar kunun gyaɗa ce. Na koma ofis na buɗe hoton, na kasa daina ganin kunun gyaɗa, kuma haka na ci gaba da sayar da ita.

Dariya muke yi, amma kai ka san abin da kake gani. Kafin ka zo nan ka yi shekara goma sha takwas a wata masana'antar haɗa motoci a gida, ka ga yadda irin wannan wuri yake mutuwa. Ka ce ba a rana ɗaya yake faɗuwa ba. Da farko madara ke ɓacewa a shayin ma'aikata. Sannan a fara kiran taro da yawa. Sannan a fara gaggawa, abin da ake dubawa sau uku a duba shi sau ɗaya, kuma wanda ya ce a dakata sai a ga kamar shi ne maƙiyin kamfani. Ka ce wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro, domin mota ba ta san kamfani yana cikin matsala ba. Ranar da ka faɗi haka na leƙa kicin ɗinmu. Madara tana nan, amma an koma ta gari.

Ta huɗu ita ce ta zo a farkon watan nan. Guda arba'in a duniya, tamu ita ce ta goma sha biyu. Wannan karon ba a ɓoye mana komai ba. Manajanmu Kamil, ɗan Labanan, mutumin kirki mai hawan jini, ya tara mu ya ce Turai suna rage dillalansu, kuma yadda wannan mota ta shiga hannun mai ita shi zai nuna ko shagon Doha zai kai baɗi. Wanda ya saye ta babban mutum ne, idan ya ji daɗi abokansa za su biyo. Mu ashirin da uku ne a wurin, shida Hausawa. A ƙasar nan kuwa aiki ba albashi ba ne kawai. Kamfanin shi ne kafil ɗinmu, takardar zamanmu a hannunsa take. Shago ya rufe, in mutum bai yi sa'ar wani wurin da wuri ba, sai filin jirgi. Aka sa ranar Alhamis 23 ga wata don bikin miƙa mota. Kamil ya tafi Turai taro.

Ranar Litinin ka fita da ita. An ce ka daɗe fiye da yadda ka saba. Ranar Talata da hantsi ka hawo ofishina da fom a hannu, ka tsaya a bakin ƙofa. Ina cikin taro ta kwamfuta da mutanen Turai, muna gardama a kan ko mayafin da za a lulluɓe motar ya zama baƙi ko ruwan toka. Na ɗaga maka hannu, na motsa baki na ce anjima. Ka gyaɗa kai ka juya. Wannan shi ne ganina da kai na ƙarshe. An zaɓi ruwan toka.

Kamil ya sauka ranar Laraba, daga filin jirgi ya wuce maƙabarta da kwat ɗinsa. Ranar Lahadi ya kira ni ofishinsa. Fom ɗinka yana kan tebur, an tsinto shi a aljihun rigar aikinka. Gurbin sa hannu babu komai. A gurbin abin lura akwai layi huɗu da fensir. Shi Kamil bai taɓa ganin fom mai fensir ba, wanda na buga kawai ya sani. Ya ga haruffan Larabci. Ya karanta na farko, bisimilla ce, domin da ita kake fara kowane rubutu. Ya karanta na ƙarshe, wallahu a'alam, domin da ita kake rufewa. Na tsakiya biyun ya kasa, amma a wurinsa magana ta fito: abin da aka fara da sunan Allah aka rufe da sunan Allah, me zai zama in ba addu'a ba?

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tsohon nan ya yi wa motarmu addu'a da yarenku kafin ya tafi. Ya ce za a sa ta a gilashi a ajiye kusa da motar ranar biki, da fassara a ƙasa, mai saye mutum ne mai addini, zai ji daɗi. Ya ce har ya kira iyalinka ya gaya musu. Sa hannu kuwa ba matsala, kwamfuta ta ce motar lafiya, injiniya zai sa. Ya miƙo mini takardar ya ce in fassara da irin kalmomina masu kyau.

Na karɓi takardar. Na san ba ka rubuta addu'a a fom. Na kuma san ba ka barin gurbin sa hannu haka nan don mantuwa.

Na sauka gareji wurin Fatawu, ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙa babbar motar da muke ɗora motoci a kai. Abokin shan shayinka ne, ya yi makarantar allo, ajami a wurinsa kamar ruwa. Na miƙa masa. Na ga leɓensa yana motsi, ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko. Sannan ya ninke takardar ya maido mini.

Ya ce, "Hajiya, yau idona ba ya gani."

Na ce, "Fatawu, yanzu na ga ka karanta."

Ya ce, "Ni direba ne. An ce ɗora, in ɗora. 'Yata ta shiga makarantar jinya watan jiya. Ke kin yi jami'a, ki karanta."

Ban ga laifinsa ba. Na je na zauna a cikin motata a wurin ajiye motoci, rana tsaka, na ɗauko abin da ya rage mini na Islamiyya. Rubutunka irin na allo ne, mai kauri, ɗigon wasu haruffa ba inda na saba ganinsa yake ba. Na yi ta haɗa baƙi da wasali kamar 'yar shekara shida. Kalma ta farko ta ɗauke ni minti biyar. Ka, da. Kada. Daga nan sauran suka biyo, ba don na ƙware ba, sai don na san muryarka. Kada a ba da ita. Birkin baya na hagu yana riƙewa idan ya yi zafi, a sake gwadawa.

Ina so in rubuta cewa na tashi nan take na koma wurin Kamil. Ba haka aka yi ba, kuma kai ba ka son a gyara rahoto. Komawa na yi ofis na rubuta addu'ar. Ya Allah Ka kiyaye mai wannan mota a kan hanya, Ka kai shi gida lafiya. Minti goma ta ɗauke ni da harsuna uku, ta kuma yi kyau. Har na gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, abin da kake nufi ke nan in an bi ta nesa. Na gaya wa kaina kwamfuta ta ce lafiya. Na gaya wa kaina kunnen mutum mai shekara hamsin da tara, wanda zuciyarsa ke shirin tsayawa, yana iya jin abin da babu. Masu karatu mun iya wannan. Idan muna son abu, hujja ba ta yi mana wuya.

Kwana biyu ina yawo da takardu biyu a jaka. Na kasa zama a ofis, na kasa zama a gida. Na shiga jirgin ƙasa na je ƙarshen layi na dawo ban sauka ba. Na zagaya shago ina kallon fuskoki, mai goge gilashi, mai dafa shayi, 'yan uwanmu masu gadi, ina ƙirga wanda zai samu wani aikin da wanda ba zai samu ba. Sannan in wuce ta gefen motar, tana zaune tana ƙyalli, in tuna gudun da na rubuta da hannuna cewa tana yi.

Ranar Talata da safe, sati guda cif da tsayuwarka a wurin, na ɗaga kai na ga mutum a bakin ƙofata. Fatawu ne, hularsa a hannu.

Ya ce, "Hajiya, idon ya buɗe."

Na ce, "'Yarka fa?"

Ya ce, "Baba ya ce mini kar in ɗora motan nan sai ya gan ki. Bai gan ki ba. To ni yaya zan ɗora? Yalla, mu je, kafin tsoro ya dawo."

Shi ya shige gaba, ni da digirina na bi shi a baya. Ina so iyalinka su san wannan, domin ana ta gode mini a kan abin da ba ni na fara ba.

Fatawu ya karanta da Hausa, na mayar da Larabci. Kamil ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Ya tambaya ko akwai wanda ya gani ban da mu. Muka ce babu. Ya dubi takardar, ya dubi kalandar bango, ya sake duban takardar. Na ga abin da ke wucewa a fuskarsa, na gane shi, domin kwana biyu yana wucewa a tawa. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya haɗiyi ƙwayar hawan jininsa ba ruwa, ya ce khalas, shi ke nan, a kawo makulli.

Shi da injiniya suka fita. Minti arba'in suka dawo. Tun kafin su tsaya muka ji ƙauri. Injiniya ya ɗauko abin auna zafi ya zagaya tayoyin, uku kusan ɗaya, ta baya ta hagu kuwa ya auna sau biyu don bai yarda ba. Kamil ya fito rigarsa ta jiƙe, ya ce a karo na biyar da ya taka birki motar ta fizge shi gefe. Ya jingina da bango ya ce wannan tsoho, ko a kabari sai ya hana ni sakat. Sannan ya hau sama ya kira mai saye, ya kira Turai.

Ga inda muke yau, Baba, in ba ka rahoto kamar yadda ka saba ba ni. An fasa biki. Turai da farko suka ce ba zai yiwu ba, suka yi shiru kwana biyu, sannan suka aiko cewa a dakatar da duk arba'in ɗin sai an duba. Mai saye ya yi godiya cikin ladabi ya ce zai yi tunani, jiya kuma aka ga direbansa a shagon maƙwabtanmu. Ba wanda ya ce za a rufe mu, ba kuma wanda ya ce ba za a rufe ba. Fatawu ya fara tambayar aiki a wurin masu jigilar kaya. Ba zan ce ka ceci rai ba, domin ban sani ba, wataƙila mai ita zai ajiye ta ne a ɗaki yana kallo kamar yadda da yawansu ke yi. Wataƙila kuma layinka biyu su ne za su rufe mana shago kafin azumi. Na juya abin ta kowace fuska, ban samu fuskar da za ta bar ni in zauna ba. Abin da na sani shi ne an tambaye ka ko motar nan lafiya, ka ga ba lafiya ba, ka rubuta haka, alhali ɗakinka na Najma da karatun 'ya'yanka duk a kan wannan shagon suke, kamar na kowa.

Hajiya Zuleiha, manajanmu ya gaya miki cewa maigidanki ya bar addu'a, kin kuma aiko a turo miki ita ki ajiye. Ki yi haƙuri, ba addu'a ba ce, maganar birki ce. Kamil ya yarda in aiko miki da ta ainihin, mai fensir, za ta zo cikin kayansa. Ki nuna wa yara. Su duba ƙasan takardar, inda aka ja layi don sa hannu, za su ga babu komai a wurin. Su san ba mantuwa ya yi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki da 'ya'yansa da yayarsa da sauran dangi, da abokan ɗakinsa na Najma waɗanda har yau ba su naɗe shimfiɗarsa ba, da duk wanda ya taɓa tsayawa a layin Juma'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, bawanKa Muttaka ya zo gare Ka daga ƙofar masallaci. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya amanar da ya riƙe a ma'auninsa. Ka tsaya wa iyalinsa, Ka buɗa wa waɗanda ya bari a gareji. Mu kuma da muka ce masa anjima, Ka yafe mana, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Aminat Ɗanbaba
Al-Sadd, Doha